Faifan Arzika

Da hantsi na shiga kasuwar Yelwa,
waya a aljihu, gilashinta a tsage.
Cikinta akwai minti goma sha ɗaya
na Baba zaune a bakin Kwara yana ɗinkin taru,
yana lissafa wa jikansa kifaye:
giwan ruwa, karfasa, ƙurungu, gargaza,
da ya kai ga ragon ruwa sai dariya ta ci shi.
Bara ya rasu. Wayar ma ta soma gajiya,
takan mutu ba wanda ya taɓa ta,
tsorona ranar da za ta ƙi tasowa.

Arzika na rumfarsa yana fifita da kwali,
faifai tsire a sanda hamsin-hamsin.
Na ce, ba ni fanko guda na dibidi.
Ya dube ni: "Wane iri? Mi za ka zubawa?"
Ni da na ɗauka faifai duk faifai ne,
ashe su ma kowane da gidansu,
wani alamar tarawa ke goshinsa,
wani kuwa alamar ɗebewa.

"Injinka na gida sabo ne ko tsoho?"
Na ce tun kayan ɗakin Tumba yake,
sai an bugi ƙeyarsa yake buɗe baki.
"To mai ɗebewa, shi tsoho ya saba da shi,
ɗayan kan sa shi ya yi ta ruri ba hoto.
Wanga mai hawa biyu ne, cikinsa rumbu,
giga takwas da rabi yake haɗiyewa,
amma yakan yi tuntuɓe wurin hawan bene,
kai ko kayanka ba su kai rabin ƙarami ba.
Kar ka ɗauki kwalekwale don ƙetare kwata."

Sai ya ɗago wani: "Wanga allo ne,
ka rubuta, ka wanke, ka sake.
Fim ɗin da yara za su kalla su gundura
nan ne wurinsa, mai gogewa."
Na ce Baba fa?
Ya ajiye kwalin.
"Baba ba a sa shi inda hannu ka sharewa.
Sau ɗaya ake rubutawa, shi ke nan.
Kuma bar wa annan marasa suna masu araha,
damina biyu sun zama madubin aski."

Biyu ya zuba, a hankali,
wai gaggawa ke sa tuwo gudaji.
Na tsaya ina kallon koren layi yana rarrafe
har mai kunun zaƙi ta wuce sau biyu.
Ya ce riƙe ta gefe, ɓoye wa rana,
bayan 'yan shekaru ka dawo a sabunta,
roba ce, ba ta yi maka alkawarin dawwama ba.
Ya rubuta NOMAU a baya da baƙin alƙalami.

Ɗaya na aika Zuru wurin Hakama.
Ɗayan, da aka kawo wuta bayan isha'i,
na bugi ƙeyar injin, ya karɓa.
Inna ta matso har hancinta ya kusa gilashi,
ta saurara daga giwan ruwa zuwa dariyar,
ta ce, "Ya tsallake tarwaɗa.
Kullum sai ya tsallake ta.
Mayar da shi farko, ina son ganewa
ko rigar nan ce na ba Manu."