Takwas, Huɗu, Huɗu, Uku

Ƙarfe sha ɗaya na dare, Utako ta yi tsit,
sai janareton maƙwabta yana tari a bayan katanga.
Hawa na uku, ni kaɗai,
da kofin shayin da ya huce tun magariba,
da allon kwamfuta ya zuba mini ido.

Kwana tara ke nan
manhajar rumbunmu na Idu tana magana,
ta lissafi kuwa tana zaune kamar kurma.
Siminti ya fita, buhu dubu da ɗari biyu,
takarda ba ta shaida ba.
Direbobi na kwana a gindin tirela.
Bitrus ya kira ni sau shida:
"Ladidi, yaran nan ba su san uwar garke ba,
cikinsu kawai suka sani."

To, na buɗe fayil ɗin ɗauri.
Kowace manhaja da ƙofofinta:
wannan ta fita, wannan ta shiga,
waccan ba ta buɗuwa sai an nuna hatimi.
Ban gina ɗakin ba, ban fafe ƙofar ba.
Nawa dai in ce wa wannan: ga inda za ki kai saƙo,
in ce wa waccan: zauna nan, kasa kunne.

Haka mahaifiyata ta yi a Jos,
shekara ashirin a ɗakin haɗa waya.
Ta zare igiya daga wannan rami, ta soka a wancan,
ta ce, "Ku yi magana, an haɗa ku."
Takan ce mutum biyu sai su tsufa da kewar juna,
in ba a soka igiyar daidai ba
kowa zai rantse ɗan'uwansa ne ya yi shiru.

Na bi layi-layi da ɗan yatsa.
Tanimu ne ya rubuta wannan kafin ya koma Fatakwal,
na san hannunsa:
ba ya barin bayani ko na kalma guda,
kamar wanda ya yi imani ba zai taɓa barin kujerar ba.
Adireshi daidai.
Hatimi da sauran kwanansa.
Katangar tsaro ba ta tare kowa ba.

Mai aikawa: takwas, huɗu, huɗu, uku.
Mai karɓa: takwas, huɗu, uku, huɗu.

Na sake dubawa. Na cire tabarau na goge.

Ashe lambobi biyu ne suka yi musayar mazauni!
Saƙo yana zuwa, ya yi sallama a ƙofar da ba kowa,
ya jira daƙiƙa talatin, ya juya,
ya sake dawowa, ya sake sallama.
Sau dubu arba'in da ɗoriya,
na ƙirga a kundin kurakurai.
Bai yi zuciya ba.
Ita kuma mai karɓa, taku tara kacal daga nan,
ta riƙe ƙofarta a buɗe, tana jiran baƙon da bai zo ba.

Na mayar da uku gurbinta, huɗu gurbinta.
Na adana. Na kashe, na tayar.
Shiru.
Sai ga su, tururuwa ta samu rami:
rasit na bin rasit, Idu na zuba, lissafi na amsawa,
sunan kowane direba ya faɗa layin biya,
har na Ɗanjuma mai tsohuwar tirelar nan mai hayaƙi.

Gobe manaja zai ce, "Abin ya gyara kansa."
Ba komai.
Na bar layi ɗaya a saman fayil ɗin
don wanda zai gaje ni:
duba ƙofa kafin ka zargi mai magana.

A motar Kubwa, bayan Gwarimpa,
na ciro waya don in ga lokaci.
Sunan Mama na can ƙasa, ƙasa sosai,
wata biyu da kira na ƙarshe.
Ta yi barci yanzu.
Na riƙe wayar a tafin hannu
har muka wuce gadar.