Takardu Biyu a Ƙarƙashin Almakashi

Na danne su da almakashi
a gefen tabarmar da nake ɗinki,
kada iskar la'asar ta yanke mini shawara.

Ta farko daga firamaren unguwa ce,
nan kusa da Ƙofar Gayan, kafin ka cinye ɓarin goro ka isa.
Yara saba'in da ɗoriya a aji ɗaya,
bencin mutum uku na ɗauke da biyar.
Akwai ƙarfen mota rataye a reshen dalbejiya.
Ranar da muka je aka kwaɗa shi,
Nazifi ya cusa yatsu a kunne
ya durƙusa kamar wanda aka jefa.
Amma a can yayarsa Rumasa'u take,
wadda ta san in ya ja hijabinta sau biyu, ƙishi ne,
in ya ja sau ɗaya ya riƙe,
a fitar da shi daga cikin mutane.

Ta biyu sai ka wuce Kwangila, ka miƙi hanyar Samaru.
Keke biyu zuwa, keke biyu dawowa.
Kuɗin zango ɗaya, na auna shi da allura:
aska takwas guda biyu, da ciwon wuya.
Yara takwas ne kacal. Ba ƙararrawa.
Malama Asabe ta zauna a ƙasa kusa da shi,
ba ta ce dube ni ba,
ba ta ce gaishe ni ba.
Ta jira.
Ni da na haife shi ban taɓa yi masa jira irin wannan ba.
Can sai ya zaro murfin lemo daga aljihu
ya ajiye mata a gwiwa.

Sai dai da aka fito tara,
ban ga mai bin wani da gudu ba.
Kowa da inuwarsa, kowa da shirunsa.
Wa zai koya masa langa?
Wa zai ƙwace masa ƙwallo har ya koyi cewa nawa ne?

A Shika likita ya ce galahanga.
Na ɗauko kalmar na kawo gida
kamar tulun da ba shi da mazauni.
Inna ta ce ƙyale su, kawunka ma sai da ya shekara shida ya buɗe baki.
Maƙwabci ya aiko da hayaƙi a ƙullin leda.

Da dare uwarsa ta ce, ni dai kada a yi masa dariya.
Na ce, duniyar da zai zauna ba ajin mutum takwas ba ce.
Kashegari ita ta ɗauki maganata,
ni na ɗauki tata,
muka ci gaba da musu har tuwo ya huce.

Shekara ashirin da shida ina jan zare.
In ka matsa, yadi ya tattare,
in ka sassauta, ƙusa ta kama.
Wannan na sani.
Amma yadi ba ya farkawa tsakar dare yana kaɗa hannu,
ba ya rasa hanyar gaya maka inda ke ciwo.

Ga shi nan yanzu, yana jera murafunsa
daga bakin zaure zuwa ƙafata,
ja bayan ja, kore bayan kore.
Jirgin 'yan koyo ya bi ta kanmu yana gurnani,
wannan ƙarar kaɗai yake ɗaga wa kai.
Layinsa ya iso tabarma, almakashi ya tare hanya.
Ya ɗauke shi ya miƙo mini, bai dube ni ba.
Ya haɗa takardun baki da baki,
ya bi ta kansu da murafai, ya wuce.

Na leƙa cikin gida na ce, Samaru, zango ɗaya.
Rumasa'u ta riƙa kawo ƙawayenta da yamma,
su yi ta surutu a tsakar gida, ya saba ko ya gudu.

Uwarsa ta ce, in kuma mun yi kuskure fa?

Na ce ɗinki ne, Hajara.
Na sha warware na wata guda.
Ramin allurar ne dai ba ya ɓacewa duka.