Awon Dare

Ƙarfe biyu na dare, fitila ɗaya ke ci a ɗakin,
ni da takarda da bik mai yoyo.
Majo ya ce a cika kowane gurbi:
ɗaya in ya natsu, bakwai in abin ya kai maƙura.

Nomau, na gadon bakin taga,
shekara ashirin yana awon gyaɗa a babbar kasuwar Maraɗi,
tiyarsa ba ta taɓa cutar kowa ba.
Yau ni ke auna shi.

Kai da kawowa: biyar.
Daga ƙofa zuwa randa taku goma sha ɗaya, na ƙirga.
Ɗaga murya: huɗu.
Dukan bango? Sau ɗaya, da tafin hannu,
kamar mai bubbuga buhu ya ji ko ya cika.
Na rasa inda zan sa wannan.

Takardar ba ta da gurbin Tasalla,
ƙanwarsa da ta taso daga Tibiri da kwanon fura,
ta kwana zaune a kan gyalenta.
In ta ce "Yaya", sai kafaɗunsa su sauko.

Gab da asuba ya tsaya a kaina,
ya daɗe yana duban lambobin.
Ya ce, "Malama, awo ba ya son hannu mai rawa."

Na dubi hannuna.
Na aje bik, na sha ruwa,
na jira har ya kwanta
kafin na rubuta uku.