Balaraba

Ranar Laraba na je Dadin Kowa,
ba don kifi ba.
Tanimu mai koma ne ya aiko:
mesa biyu sun sarƙe a tarunsa a bakin dam,
in zo kafin majema su riga ni.

Babbar ta fi kyau, ban musa ba,
zanenta kamar an zubar da lalle a kan tabarma.
Amma da na kasa kunne a bakin buhu
na ji numfashinta yana fito,
irin na butar shayi da ta kusa tafasa.
Kumfa a baki, kaska uku a ƙarƙashin haɓa.
Na ce, Tanimu, mayar da wannan ciyawa,
ba ni da maganin abin da ke cinta.

Ƙaramar ba ta fi taɓarya tsawo ba.
Ido garau, jiki a cike,
harshe na fita yana komawa
kamar yatsan mai ƙirga kuɗi.
Ta ja wuya baya, ta hura mini iska.
Na ce mai sauran faɗa tana da sauran kwana.
Na biya.

A Deba, Dudu ta leƙa buhun sau ɗaya,
ta ce, kajin daga aljihun wa za su fito?
Na ce nawa.
Ta ce to, a sa kwaɗo biyu.

Shekara shida ke nan.
Akwatin farko yanzu ƙusoshi nake zubawa a ciki.
Ɗaki guda ta cinye, da bahon wanka,
da galan ɗin ruwan zafi a naɗe cikin tsumma
don daren da sanyi ya sauko, wuta ta ɗauke.

Ga abin da ta koya mini, ba da baki ba:
kada ka zo mata ta sama, shaho ke zuwa ta sama.
Taɓa ta da sanda tukuna, ta san ba abinci ba ne.
Tallafe ta kamar buhun gero mai huda,
hannu a nan, hannu a can, ka bar ta ta zuba.
Wuyanka ba reshe ba ne.
In ta ci, kwana uku ba ruwanka da ita.
In idonta ya yi fari kamar ruwan koko,
saɓa ce ke tafe, ba ta gani, ba ta son baƙo.
In ta fi ka tsawo, kada ka shiga kai kaɗai.

Sau ɗaya na manta.
Na fige kaza, ban wanke hannu ba,
na buɗe ƙofa ina waƙa.
Kafin in ce wayyo, haƙora a tsintsiyar hannu,
gammo uku a dantsena,
yatsuna suka zama na wani.
Dudu ce ta shigo da tulu,
ta sheƙa mata ruwan sanyi a kai,
ta kama wutsiya tana warwarewa
kamar mai kwance rawanin da aka naɗa da fushi.
Ba ta ce komai ba sai da aka ɗaure ciwon.
Sannan ta ce, sabulu yana bakin rijiya.

Maƙwabta na tambaya ko ta san ni.
Ta san warina, ta san ɗumin jikina,
ta san ƙarar kwaɗo na biyu.
So kuwa, ban ɗora mata wannan bashin ba.

Jiya ta yi saɓa, guda ɗaya, ba yagewa.
Na shanya a igiya kusa da zannuwan Dudu,
na auna da kamu: tara da ɗan kai.
Dudu ta dubi igiyar, ta dube ni,
ta ce kazar mako mai zuwa ta ƙara kuɗi.