Tushe Bakwai a Duwatsun Shere

Baba Izang ne ya kai mu.
Ya bar awakinsa a gindin dutse,
ya tuɓe takalman roba ya rataya a wuya,
ya ce, "Ku bi sawuna.
Inda ya yi kore kada ku taka, santsi ne."

Mun bar Lamingo tun raɓa ba ta ɗaga ba,
Dakta Chundung da jakarta,
ni da katako biyu da damin tsofaffin jaridu.
Aikina ke nan shekara goma sha tara:
in shimfiɗa ganye a kan labarin da ya wuce,
in danne, in ɗaure, in jira ya bushe.

Sai ga ta a tsagar dutse.
Ko ƙuguna ba ta kai ba.
Ganye mai kauri, bayansa gashi-gashi,
fure ja da farin baki,
kamar an fara tsoma auduga a zoɓo aka fasa.
Muka ƙirga, tushe bakwai.
Muka sake, ko dutse ya ɓoye wani.
Bakwai ɗin dai.

Na tambayi sunanta.
Baba ya faɗa da harshensu, gaɓa uku,
iska ta kwashe biyu kafin in rubuta.
Da Hausa fa? Ya yi dariya.
"Sai wanda ya hau yake raɗa suna."

Dakta ta buɗe taswira a cinya.
Ta ɗiga biro nan, inda muke zaune.
Ta gangara Mambila, ta ɗiga.
Ta tsallake iyaka, wani tsauni a Kamaru, ta ɗiga.
Sannan hannunta ya kama hanya,
ya wuce daji, ya wuce kogi, ko zango bai yi ba
sai tsaunukan Habasha.
Ɗigo huɗu.
Tsakaninsu fari fat.

Wa ya yi wannan rabon gado?
Tsuntsu ne ya haɗiye iri ya tafi fatauci?
Ko da can ƙasa sanyi gare ta,
dangi suka shimfiɗu tabarma guda,
zafi ya zo ya cinye tsakiya
ya bar geza a kan duwatsu?
Dakta ta ce, "Wataƙila."
Ba ta da kalmar da ta fi so kamar wannan.

Ni kuwa ɗigon Mambila nake kallo.
Lantana tana Gembu, ciki ɗaya muka fito,
shekara shida rabona da ita.
Jatau na Fatakwal yana sayar da taya.
Kowa ya gan mu ya ce hancin gida ɗaya ne.
Ban faɗa ba.
Takardar samfur ba ta da layin rubuta wannan.

"Da takwas ne," in ji Baba, yana kallon ƙafarsa.
Bara wani ya zo daga Abuja da babbar mota,
ya biya, aka tumɓuke masa ɗaya.
Tukunyar tangaran, taki na kanti,
ban ruwa safe da yamma.
Mako uku ta yi.
"Ruwan famfo ba raɓa ba ne.
Kuɗin kuma na sayi magani, sun ƙare."

Can ƙasa nakiya ta tashi,
masu fasa dutse sun fara.
Dutsen ya amsa a tafin ƙafata.
Wani sha-kauci da ke shan fure ya zabura,
ya yi shawagi, ya dawo,
don babu wani wajen zuwa.

Reshe ɗaya na yanka, ƙaramin cikinsu.
Na kwantar da shi a shafin da ke maganar tsadar siminti.

Da muke saukowa, wajen wani kwana,
waya ta kama sanda biyu.
Na kira.
"Lantana, a duwatsunku akwai wani fure ja
mai farin baki?"
Ta yi shiru.
"Shekara guda ba ka kira ba,
sai yau, tambayar ciyawa?"
Na ji tana hura wuta.
"To. Gobe in na je itace zan duba."