Tagar Kawu Arzika

A bayan babur aka kawo ta,
naɗe cikin buhun albasa,
tsohuwar kwamfutar wani ofis da aka yi gwanjo.
Kawu Arzika ya kawar da sikeli da littafin bashi,
ya share mata teburi da hannun riga,
ya ce, “Luba, ke munka kashe ma kuɗin makaranta.
Buɗe min taga in ga farashin Legas.”

Na jona wayoyi, kowace a raminta.
Ta yi tari. Fankarta ta yi gurnani.
Allon ya buɗe ido a hankali
kamar mai tashi daga zazzaɓi.
Burauzar da ke cikinta ta tsufa,
duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa
sai a ce ba a san ta ba.
Aiki ɗaya ya rage mata a duniya:
ta je ta kira wadda za ta gaje ta.
Na tausaya mata.
Na aike ta duk da haka.

Wani koren zare ya fara rarrafe.
Kashi goma: Kawu ya auna wa wata rabin kwando.
Kashi talatin: aka kira azahar a Runjin Sambo.
Rana ta zauna daram a kan kwanon shago,
gumi na bin bayana.
Kashi tamanin da bakwai
aka ɗauke wuta.

Ni na yi tsaki. Shi bai yi ba.
Wanda ya ga gulbi ya shanye masa gona
saura kwana uku a cire,
ba zare ne zai sa shi kuka ba.
Ya aiki Modi da galan,
janareta ya ɗauki waƙarsa,
muka koma farko.

Da ta iso sai ta tare mu da tambaya.
“Mi ta ce?”
“Wai ka yarda da sharuɗɗa.”
“Karanta. Shekara arba'in ban sa hannu
ga takardar da ban ji ba.”
Na karanta, ina juya masa,
layi na haifar layi, babu ranar yaye.
Ya ɗaga hannu.
“Wagga ta hi dillali wayo. Danna.”

Ta sake tambaya,
wai a bar mata duk zirga-zirgar gidan.
“Baƙo daga zuwa sai neman makulli?”
Ya shafa gemu. “Ba ta. Mu gani.”

Sai kalmar sirri.
Ya dubi ƙofa, ya sunkuyo kusa da kunnena,
ya faɗi sunan da ba a ƙara faɗa a gidanmu ba
tun daminar bara waccan.
Na danna haruffa shida.
Ɗigo shida suka fito baƙaƙe.
“Don mi ta ɓoye?”
“Don kada kowa ya gani.”
Ya daɗe yana kallonsu.
“Tana da hankali.”

Ga farin fili, ga ɗan sanda ɗaya yana ƙiftawa.
Na ɗora yatsu zan rubuta farashin albasa,
ya riƙe min wuyan hannu.
“Dakata. An ce tana ganin ƙasa daga bisa.
Gwada min Goronyo.”

Muka faɗo daga sama kamar shirwa.
Ga Rima ta kwanta a karkace,
ga madatsa, ga fadama yanka-yanka,
ga rufin gidaje kamar an watsa ashana.
Na matso. Na ƙara matsowa
har hoton ya fara narkewa.
Ya ɗora yatsa a kan wani duhu.
“Tsamiyar ta. Nan take shanya kuɓewa.
Ashe ba su sare ta ba.”

Mai ya ƙare kafin la'asar sakaliya.
Farashin Legas sai washegari muka tambaya,
ya faɗi da naira dubu biyu.
Shatin yatsan yana nan a kan gilashi,
yana warin albasa.
Kullum ina goge allon,
ina kewaye wurin.