Faifan Agale a Shagon Aski

Ran Laraba faifan ya fito.
Kafin la'asar Mannir ya tura mini a waya,
waƙa goma sha huɗu, naira ɗari biyu,
ya ce in na ji ta bakwai zan ƙara masa ɗari.

Sunansa Oghale, mutumin Warri,
mu dai a Ƙofar Marusa Agale muke cewa.
Da su uku ne, kamar duwatsun murhu,
bana ya ɗauke nasa dutsen ya koma gefe,
wai shi kaɗai zai ɗora tukunya.

Na jona lasifika, na tada janareto,
ina kan ƙeyar Bishir aka fara.
Bishir ya ce, "Wannan gambara ce ko gudun tsira?
Ya bar numfashi a gida ya taho?"
Na ce ka daina kaɗa kai,
almakashi ba ya jin kiɗa.

Lawandi mai Keke Napep, tun daga bakin ƙofa:
"Ku yi shiru, ba ku san abin ba!
Can su biyun ne ke cin guminsa,
yau ga zaki ba sarƙa."
Dikko ya tsuke baki, ya ce miya ce ba gishiri,
mai siririyar muryar nan shi ne gishirin,
tun da ya tafi amshi ya mutu,
kiɗan ma kamar ana dukan bokiti.

Aka yi ta yi har bayan isha'i.
Wani ya ce ta uku ta fi, wani ya ce ta uku sata ce.
Wani ya rantse ta bakwai habaici ce ga tsofaffin abokai,
ai kun ji yadda yake cije haƙori.
Duk cikinmu, in gaskiya za a faɗa,
ba mai tsintar kalma biyar a jere.

Sai ga Onome mai sayar da batir,
shekara tara muna katanga ɗaya,
ya shigo aron caja.
Muka ce yauwa, ga ɗan gari, fassara mana zagin.
Ya tsaya, hannu a ƙugu.
Ya ce a mayar baya.
Aka mayar.
Ya zauna kan bencin da bai taɓa zama ba.

Ya ce, "Ba zagi ba ne.
Yana cewa ranar da ya kwashe kayansa daga ɗakin da suka haɗa,
ya tarar cokali uku ne, bai san nasa ba,
sai ya bar su duka.
Yanzu in ya kai inda ɗan'uwansa ke karɓa,
yakan yi shiru, ya jira,
ya manta ba kowa."

Lawandi ya ce to ai shi ya ja.
Dikko ya ce kun gani, ko shi ya san da gishirin.
Gardama ta miƙe da sabuwar ƙafa.

Ni ban ce komai ba.
Ina kakkaɓe gashi daga wuyan yaro
na hango madubin nan mai tsaga a kusurwa,
rabona ne ranar da muka raba shago da Yaya Sagir.
Shi ya ɗauki kujera mai juyawa,
ni madubi da rabin kwastoma.
Har yau in mai sanƙo ya shigo
nakan juya in ƙyafta wa wanda ba ya nan.

Man janareto ya ƙare a tsakiyar ta goma.
Suka watse, kowa da hukuncinsa.
Na rufe ƙofa, na laluba aljihu,
na ware wa Mannir ɗarinsa.